Me yasa kitsen jinin matar yafi na mijinta yawa?

Dan_Daejeon:
Assalamu alaikum yan uwa. Ina karatu a Koriya ta Kudu, matar da nake haya a gidansu ta haura hamsin, bata shan giya, abincinta shinkafa da kimchi (kabejin da ake tsimawa da yaji) da kifi, amma da sukaje gwajin lafiya na gwamnati kolesterol dinta, wato kitsen jini, yakai 250, shi kuwa mijin da kusan kullum sai yasha soju, giyar Koriya, yaci gasasshen nama nashi bai kai 200 ba. Dan Allah masana ya akayi haka?

Nas_Rukayya:
Wa alaikumus salam. Ba abin mamaki bane wallahi, tambayeta ko al'adarta ta dauke. Matan Koriya yawanci wajen shekara 49 zuwa 50 suke daina ganin al'ada, to sinadarin estrogen dake jikin mace shi yake taimakawa hanta ta rika kwashe mummunan kitse wato LDL daga cikin jini, da zarar ya ragu sai LDL ya fara hawa ko macen bata canza komai a cin abincinta ba. Binciken lafiya na kasa da suke yi tun 1998, KNHANES, ya nuna kafin hamsin maza ne a gaba, bayan nan mata su wucesu. Maza nasu yana kai kololuwa ne tsakanin arba'in da hamsin sai ya fara sauka a hankali, mata kuwa sai wajen sittin.

Malam_Sani:
Ranki ya dade to kenan shi mijin lafiyarsa lau? Ni fa ban yarda ba.

Nas_Rukayya:
A'a malam, ban fadi haka ba. Jimillar kolesterol din kawai aka gaya mana. A duba takardarsa wajen triglyceride, wani nau'in kitsen jini ne daban, nan giya take barna, kuma mazan Koriya masu matsakaicin shekaru sun fi matansu yawansa nesa ba kusa ba. Sannan HDL, kitsen mai amfani, mata sun fi maza, idan nasa yayi kasa da 40 akwai matsala koda jimillar tayi kyau. Watakila ma yana shan maganin statin mai rage kolesterol shi yasa jimillar tasa tayi kasa.

Ummu_Hanif:
Kuma ku lura a can da ma'aunin mg/dL suke aunawa, daga 240 ake cewa yayi yawa, mu nan gida dakunan gwaji da dama mmol/L suke rubutawa, 240 din shine kusan 6.2, kar wani yaga 6 a takardarsa yace ai kadan ne.

Dan_Daejeon:
Nagode sosai Anti Rukayya. Na tambayeta, tace bara ta dauke. Ashe ma a tsarin inshorarsu gwajin kitse maza daga shekara 24 ake farawa, mata sai 40, duk bayan shekara hudu. Likita yace ta rage soye-soye ta rika tattaki, ta dawo a sake aunawa kafin ta karya kumallo.