Sadakar doki a f7

Ɗan Wunti: Jama'a ku raba mana gardama. Jiya a teburin mai shayi muna wasan ces, wato darar Turawa, na yi sadakar dokina a gidan f7 tun a tafiya ta shida. Sarkin abokin wasana ya ci dokin, na jawo shi har e6, tsirara a tsakiyar allo. Sarauniyata ce kawai ta kuskure, aka cinye ni. Shi ne ake ta yi min dariya wai ban iya ces ba. Ni dai na ce ba da doki da wuri dabara ce.

Malam na Gwallaga: Sadaka kuma? Ƙanena, sadaka don Allah ake yi, ba a jiran sakayya daga wanda aka ba.

Ɗan Wunti: Allah gafarta Malam, ai salon magana ne.

Na Bolari: Sunansa koto, irin wanda ake sa wa kifi a ƙugiya.

Ɗan Yelwa: Ina! Koto ƙaramin abu ne. Doki maki 3, sojan da ya ci maki 1. Wannan asara ce tsagwaronta.

Ɗan Wunti: To Mikhail Tal fa? Da irin wannan kyautar ya zama zakaran duniya a 1960.

Ɗan Yelwa: Botvinnik ya karɓe kambun a 1961. Kuma kai Tal ne?

Malam na Gwallaga: Yanzu kuma kyauta ta koma? Ka tsaya wuri ɗaya mana.

Na Bolari: Mu a Gombe koto muke cewa.

Ɗan Yelwa: Ku da sai 1996 aka yaye ku daga Bauchi, yau ku za ku koya mana Hausa?

Na Bolari: Yaya, ɗan da aka yaye ai ya girma. Ku ji da Wikki ɗinku.

Ɗan Yelwa: Kar ka sako ƙwallo, ba za ka ji da daɗi ba.

Ɗan Wunti: Don Allah dokina fa? Da na fito da ɗaya dokin zuwa c3 ai da zance ya sha bamban.

Shugaban zaure: To, a taƙaice an yi ittifaƙi kalmar sadaka ba ta dace ba, kamar yadda Malam ya faɗa, kuma ba a yarda da koton mutanen Gombe ba. Wanda ya sake taɓa Wikki zan cire shi.

Na Bolari: Yaushe aka yi ittifaƙin?