Dan Allah a taimaka, talabijin ɗin motar gida ta daina kama tasha

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu irin motar nan mai ɗaki a ciki wadda ake kwana ake girki, shawara nake nema. Na sayi tawa ta hannu wata uku kenan, da talabijin ɗinta da eriya a saman rufi irin wadda ake murɗa mariƙi daga ciki ta miƙe. Inda muka fara yada zango tasha 14 na kama tar da su, to jiya mun ƙara gaba tafiyar kamar awa uku muka tsaya gindin wani tsauni, tun daga nan shiru sai baƙin allo, guda ɗaya ce take ɗan leƙowa hoton ya daskare ya farfashe murya na yankewa sai kuma ta ɗauke. Na juya eriyar nan har hannuna ya gaji, yara sun sa ni gaba, ni kuma labaran dare ne ba na so su wuce ni. Eriyar ce ta mutu ko talabijin ɗin zan canza?

Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka sayi komai tukuna. Ka sake sikanin da ka isa sabon wurin? Talabijin ɗinka ta haddace mitar tashoshin wancan yankin ne, kuma kowane yanki da turakunsa na watsa shiri da mitarsa, to ko eriyar ta zinare ce in ba ka shiga menu ka sa ta sake neman tasha ba tana nan tana jiran waɗanda ka baro a baya. Duk inda ka tsaya sai ka sake. Ka tabbata kuma ta hanyar eriya ka zaɓa ba ta kebul ba. Sannan ka duba bango kusa da inda wayar eriya ta fito, akwai ɗan faranti mai maɓalli da ƙaramar fitila, busta kenan mai ƙara ƙarfin sigina, wuta 12 bolt yake sha daga batirin motar. In fitilar a mace take kusan ba abin da zai iso.

Mai tambaya: Wallahi Injiniya ban sake sikanin ba, na ɗauka sau ɗaya ake yi. Farantin ma yanzu na gan shi a bayan labule, fitilar a kashe.

Wani ɗan uwa: Ni ina ga talabijin ɗin ce ba ta dace ba, motocin da aka ɗauko daga Amurka tsarin watsa dijital na ATSC suke bi, Turai da mafi yawan Afirka kuma DVB-T2, in ba su zo ɗaya ba sai an haɗa da dikoda. In ma tsohuwa ce ta kafin 2009 lokacin da Amurka ta rufe manyan tashoshin analog, ƙila ba ta san dijital ba sam.

Injiniya: Gaskiya ne ɗan uwa, amma ai ya ce ta kama 14 a baya, da tsarin ne ko ɗaya ba za ta nuna ba.

Dattijo: Ɗana, tsaunin nan shi ne rabin matsalarka. Mu da muka saba da ta da wato analog, in sigina ya yi rauni hoto yana yayyafi amma ana kallo a haka, ita dijital ba ta san wannan ba, ko ta ba ka tar ko ta hana ka gaba ɗaya, wannan farfashewar da kake gani alamar kana bakin gaɓa ne, kaɗan ya rage. Kuma yawancin tashoshin yanzu a UHF suke wato zangon mita na sama, ba sa jure dutse ko duhuwar bishiyoyi tsakaninka da turken. Shi ya sa juyin da kake yi da sauri ba ya amfani. Ka buɗe ma'aunin sigina a menu, ka juya kaɗan, ka ƙirga biyar, ka duba, ka sake juyawa, don ba nan take take nunawa ba. In akwai gidaje kusa leƙa ka ga ina eriyoyinsu suka fuskanta, ni da haka nake farawa ko yaushe. In ta ƙi, matsar da motar mita 20 ko 30 zuwa fili, na sha ganin hakan kaɗai ya gyara.

Hajiya: Baba ya faɗi gaskiya, ni ƙari ɗaya zan yi. Tamu haka ta dinga yi bayan wani ruwan sama, maigida ya hau rufi ya kwance kan wayar inda ta shiga eriya sai ga tsatsa kore shar, ɗan tsinken tagullar tsakiya ya cinye saura ƙiris, har ruwa ya ɗigo daga ciki. Ya yanke ya sa sabon kai ya naɗe da tef, daga baya ma muka canza wayar zuwa RG6 don ta fi siririyar riƙe sigina. Kuma dan girman Allah Alhaji ka riƙa sauke eriyar kafin ka tada mota, mu reshen bishiya ne ya karya mana ta farko, yanzu ƙyalle ja muke ɗaurawa a sitiyari duk sanda take sama.

Mai tambaya: Alhamdulillah, Allah Ya saka muku da alheri. Na kunna busta, na matsa gaba daga tsaunin, na yi juyin Baba a hankali na sake sikanin, yanzu tasha 9 na samu, yara sun yi tsit. Sai dai abu ɗaya, da matata ta kunna fitilun kicin sai tasha biyu suka fara daskarewa, ta kashe suka dawo.

Injiniya: Ƙwayayen LED masu arha ne suke watsa hayaniyar lantarki, sun fi damun tashoshin VHF masu zangon mita na ƙasa, inbata mai juya wutar batiri zuwa ta gida ma tana yin haka. Ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya kana kallon ma'aunin har ka gane mai laifin ka canza shi. In kuma wata rana ka tsaya dab da turke ka ga ta rikice, gwada kashe bustan, ƙarfin ne ya yi mata yawa.

Mai tambaya: To madalla, gobe da safe zan bi su ɗaya ɗaya, zan hau rufin ma in duba kan wayar nan da Hajiya ta faɗa.