Yaya ake gano tsoffin ramukan kuza da ƙasa ta rufe?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Na sayi fili a wajen Bukuru da niyyar gina gida, sai ga shi bayan ruwan watan Agusta wani gefe ya lotsa kamar kwano, faɗinsa bai wuce taku uku ba. Dattawan unguwa sun ce a da masu haƙar kuza sun yi ramukan loto a wurin, wato ramuka masu zurfi kamar rijiya da ake haƙawa da hannu, daga baya aka cike bakinsu da ƙasa. Shin akwai na'urar da za ta nuna ramin kafin in zuba harsashi?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, kuma wadda ta fi dacewa da kai ita ce gwajin wutar lantarki, irin wanda masu rijiyar burtsatse suke yi kafin su kafa injinsu. Ana jera sandunan ƙarfe a ƙasa, a tura wuta, a auna yadda take ratsawa. Ramin da babu komai a cikinsa sai iska yana tare wuta ƙwarai, wanda ya cika da ruwa da laka kuwa tana wuce shi cikin sauƙi, kowanne kuma yana fitowa daban a hoton kwamfuta. Sai dai bakin loto ƙanƙane ne, don haka ka dage a matso da sandunan kusa da juna, a kuma yi layuka da yawa, in ba haka ba ramin zai ɓuya a tsakaninsu.

Amsa ta biyu:
Kada a yaudare ka da radar ƙasa (na'urar da take tura sigina cikin ƙasa ta karanta abin da ya dawo) a damina, domin laka mai danshi tana shanye siginarta tun ba ta yi nisa ba. Ita kuma na'urar maganaɗisu, mai gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, tana aiki a Ingila saboda tsoffin ramukan kwal na can sukan ƙunshi ƙarafa da layin dogo, amma loto da hannu aka haƙa shi, ga kuma baƙin yashin da ya rage bayan wankin kuza, wanda yake rikita ta.

Amsa ta uku:
Ɗan'uwa, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hanyoyin da masu loto suke bi ta gefe a can ƙasa suna bin kuza, waɗanda za su iya shiga ƙarƙashin ɗakin da ka ɗauka lafiya lau yake. Na'ura zato kawai take bayarwa, sai an huda wurin da ta nuna kafin a tabbatar. Ka tuntuɓi sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Jos, kuma kafin nan ka killace wurin da ya lotsa saboda yara.