Gwajin cutar mantuwa ga tsofaffin da ba su yi boko ba

Ɗalibar_Jinya: Assalamu alaikum. Ina shirya binciken digiri na biyu kan cutar mantuwa a tsakanin masu shekara 65 zuwa sama a karkara. An ce in yi amfani da MMSE, wato gajeren gwajin tambayoyi na auna tunani da ƙwaƙwalwa, amma yawancinsu ba su yi boko ba. Zai yi kuwa?

Likitan_Jijiyoyi: Wa alaikumus salam, malama. MMSE zai kumbura miki alƙaluma. Makinsa 30 ne, ƙasa da 24 ake fara zargi, kuma a ciki akwai karanta jimla, rubuta jimla, kwaikwayon zane, da rage bakwai-bakwai daga 100. Dattijuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba za ta zubar da maki alhali hankalinta garau, sai ki rubuta rashin makaranta a matsayin ciwo.

Ki nemi gwajin IDEA da aka tsara a gundumar Hai ta Tanzaniya. Tambaya shida ce, maki 15, ba karatu ba rubutu. Ana sa mutum ya jero sunayen dabbobi cikin minti ɗaya, a faɗa masa kalmomi goma a waiwaye su daga baya, sannan a jera tsinken ashana huɗu a gabansa, a wargaza, ya mayar yadda suke. Maki 7 zuwa ƙasa abin bincike ne.

Akwai kuma gwajin mantuwa na CSI-D, wanda binciken Ibadan da Indianapolis ta Amurka ya yi aiki da shi tun 1992. Na fi ganin ƙimarsa saboda yana da ɓangaren tambayar makusanci: tana ɓatan hanya? Ta daina iya girkin da ta saba? A sakamakonsu na 2001, sababbin kamuwa a shekara sun kai kashi 1.35 cikin ɗari a Ibadan, 3.24 a tsakanin baƙaƙen fatar Indianapolis.

Mai_Ƙididdiga: Shekaru ma za su ba ki wahala, don da yawa ba su da takardar haihuwa. Ki tanadi jerin abubuwan tarihi: 'yancin kai 1960, kisan Sardauna 1966, canjin hannun tuƙi 1972, shigowar naira 1973. Ki tambaya ko a lokacin an yi mata aure, ko ta yi haihuwar fari, ki ƙiyasta. Idan kin tambaye ta wane wata ake ciki ta ce Rajab kuma daidai ne, ki ba ta makinta. Mai karanta ajami kuma kada a sa shi a layin marasa karatu, ki ware masa gurbinsa.

Likitan_Tsofaffi: Kafin tambaya ta farko ki duba ji da gani. Mai nauyin kunne ba zai tuna kalmar da bai ji ba, mai yanar ido ba zai ga ashanar ba. Ki zauna gab da shi a wuri mai haske, ki sallami jikoki, don sukan yi wuf su amsa masa.

Mai zazzaɓi, ko wanda ruɗewar ta zo masa cikin kwana biyu-uku, kada ki gwada shi ranar. Sau da yawa maleriya ce, ko ciwon fitsari, ko sukari ya faɗi. Asibiti yake bukata nan take. Ciwon damuwa, ƙarancin bitamin B12 da raunin tayirod (ƙwayar da ke gaban wuya) su ma suna kama da mantuwa, kuma suna jin magani. Duk wanda makinsa ya faɗi sai likita ya gan shi, tare da wasu daga waɗanda suka haye, don ki san nawa gwajin ya tsallake. Ki sa kuɗin wannan a kasafinki tun yanzu.