Agogon Baba yana tsayawa da dare: shin agogo marar batir zai iya auna motsin jikin mai shi?

Ɗan Manomi, Auyo

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san sha'anin agogo da kuma ma'aikatan lafiya, domin maganar tawa ta shafi ɓangarorin biyu. Mahaifinmu yana da agogon hannu ƙirar Seiko 5 wanda ya sayo a Makka shekarar da ya sauke farali, irin wanda ba a saka masa batir, motsin hannu kawai ke tafiyar da shi. Tun muna yara ban taɓa ganin agogon nan ya tsaya ba, saboda a wancan lokacin Baba yakan yi sammako zuwa fadama bayan sallar Asuba, ba ya dawowa sai rana ta take. Yau shekara biyu ke nan da muka karɓe masa noman saboda ciwon gwiwa da hawan jini, kuma tun bayan damina agogon ya soma wata ɗabi'a da ba mu san shi da ita ba: Baba zai cire shi bayan sallar Isha'i yana aiki lafiya lau, amma da safe sai a tarar ya tsaya tun wajen ƙarfe uku na dare.

A asibiti an ce wa Baba ya riƙa yin tattaki kullum. Idan muka tambaye shi yakan ce yana yi, kuma kun san ba ya kyautuwa ɗa ya tsare mahaifinsa da bincike. Ƙanina da ke Kano ya aiko masa da agogon zamani mai ƙirga taku, to amma yana buƙatar caji bayan 'yan kwanaki, mu kuwa wuta ba ta zama a garinmu, sai an kai shagon caji a bakin kasuwa. Bai yi mako biyu ba Baba ya mayar da shi cikin kwalinsa. Tambayata ita ce, shin tsayawar tsohon agogon alama ce ta cewa Baba ba ya motsa jiki yadda ya kamata, ko kuwa agogon ne ya gaji? Kuma shin akwai agogo irin na inji, marar batir, da aka ƙera domin ya nuna yawan motsin da mutum ya yi a wuni?

Mai Gyaran Agogo, Wudil

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na daɗe ina buɗe irin wannan agogon, don haka bari in faɗa maka abin da ke cikinsa tukuna. Idan aka kwance murfin baya, abin da ido zai fara gani shi ne wani faifan ƙarfe mai nauyi, siffarsa kamar rabin wata, an ɗaure shi a tsakiya yadda zai iya zagayawa. Duk lokacin da hannu ya juya, nauyin faifan yakan rinjaya ƙasa, wannan juyawar kuma ita ce ke bi ta wasu ƙananan ƙafafu masu haƙora ta naɗe sifirin, wato doguwar siririyar farantin ƙarfe da ke naɗe cikin ɗan akwatinta. Sifirin ɗin shi ne rumbun agogon. Idan ya cika, lafiyayyen Seiko 5 yana iya yin kusan awa 40 a ajiye bai tsaya ba. Agogon da aka cire da ƙarfe tara na dare ya mutu da ƙarfe uku ya yi awa shida ne kacal, ma'ana an kwantar da shi rumbunsa kusan wayam.

Saboda haka zatonka yana da tushe, amma kada ka yanke hukunci da shi tukuna, domin abu biyu ne ke kawo haka kuma daga waje kamanninsu ɗaya. Na farko shi ne ƙarancin motsi. Na biyu shi ne bushewar mai da shigar ƙura, kuma ka ce abin ya soma bayan damina, wato daidai shigowar hunturu, lokacin da na fi samun agogunan da robar murfinsu ta tsufa ƙura ta sami hanya. Idan man ya bushe ya daskare, faifan nan ba ya zagayawa sakayau, ko mutum ya wuni yana huɗa abin da zai shiga rumbun kaɗan ne. Agogon da ya yi shekaru masu yawa ba a wanke injinsa an sa masa sabon mai ba, ni ba zan yarda da shaidarsa a kan kowa ba.

Gwajin da zai raba gardama ba ya cin ko kobo. Ka roƙi Baba ya ara maka agogon, ka ɗaura shi kwana uku kana aikinka na gona, sannan ka ajiye shi a kan tebur ka rubuta lokacin da ka ajiye da lokacin da ya tsaya. Idan ya haura kwana guda da rabi, injin lafiyarsa ƙalau. Idan ya mutu kafin gari ya waye a hannunka kai ma, ka kai wa mai gyara. Ka kuma sani yawancin tsofaffin Seiko 5 ba a wana su da kan da ke gefe, shi na gyara lokaci da kwanan wata ne kawai, don haka kada a yi ta murɗa shi da tunanin ana ba shi ƙarfi.

Malamin Kimiyya, Ringim

Bayanin mai gyara ya gamsar, ni tambaya ta biyu zan taɓa, domin abu ne da na daɗe ina sha'awa. Dangantakar agogo da tafiyar ɗan Adam tsohuwa ce. Tun cikin shekarun 1770 maƙeran agogo a ƙasar Siwizalan suka soma ƙera agogon aljihu mai naɗe kansa da tafiyar mai shi, kuma sunan da aka fi dangantawa da wannan aiki shi ne Abraham-Louis Perrelet na garin Le Locle. Agogon aljihu bai cika samun motsi sosai ba, shi ya sa dabarar ba ta bunƙasa ba sai da agogo ya koma wuyan hannu. Wani Bature ɗan Ingila mai suna John Harwood ya yi wa agogon hannu mai naɗe kansa rajista a farkon shekarun 1920, kamfanin Rolex ya fito da faifai mai zagayawa gaba ɗaya a 1931, shi kuwa Seiko 5 irin na Baba ya fara fitowa daga Japan a 1963.

Dukkan waɗannan suna cin motsi ne, ba sa ba da labarinsa. Matakin da ya fi kusa da abin da kake nema shi ne agogo mai ƙarin ɗan hannu a fuskarsa da ke nuna awa nawa suka rage a sifirin, kuma kamfanin Orient na Japan ya yi irinsu da yawa a farashin da ba na sarakuna ba. Mai irin wannan agogo zai iya dubawa da safe ya duba da magariba, ya ga ko ɗan hannun ya hau ko ya sauka. Sai dai akwai iyaka a nan wadda ya kamata a fahimta. An ƙera ƙarshen sifirin agogo mai naɗe kansa ta yadda idan ya cika zai riƙa zamewa a jikin akwatinsa don kada ya tsinke, saboda haka da zarar rumbun ya cika, duk motsin da aka ƙara a banza yake tafiya, ɗan hannun ba zai ƙara gaba ba. Wanda ya yi tafiyar awa biyu da wanda ya yi ta awa shida suna iya ganin abu ɗaya.

Akwai agogon inji da aka ƙera takanas don amsa tambayarka. Wani ƙaramin kamfani a birnin Janiba na ƙasar Siwizalan mai suna Urwerk, wanda Felix Baumgartner da Martin Frei suka kafa a 1997, ya fitar da agogo mai suna UR-210 a 2012. A kusurwar fuskarsa akwai ma'auni da ke nuna yadda motsin mai shi ya ciyar da injin cikin awa biyu da suka wuce: idan mutum yana zaune, allurar takan karkata zuwa ja, idan yana kai-komo sai ta koma kore, a bayansa kuma akwai abin da ake juyawa a rage kaifin faifan ko a tsayar da shi. Babu batir a cikinsa ko kaɗan. Lokacin da ya fito kuɗinsa ya haura dala 100,000, don haka na kawo shi ne domin ka san hannun ɗan Adam ya iya ƙera abin, ba domin a nemo shi ba. Ko shi ɗin ma ba taku yake ƙirgawa ba.

Abin da ke ƙirga taku ba tare da wuta ba wata na'ura ce daban, wadda ake maƙalawa a ƙugu. A cikinta akwai ɗan hannu mai nauyi a baki wanda ke yin ƙasa ya dawo duk lokacin da ƙafa ta taka, kowane motsi kuma yana tura haƙori ɗaya na ƙafar da ke juya allura. Kamfanin Yamasa na Japan ya sayar da irinta a 1965 da sunan Manpo-kei, ma'anarsa ma'aunin taku 10,000, kuma daga wannan suna na kasuwanci ne adadin nan na taku 10,000 a kullum da ake ta ambata a yau ya yaɗu a duniya.

Ma'aikaciyar Lafiya, Kazaure

Ina yi wa Baba fatan samun sauƙi. Ɗan'uwa, abin da nake so ka riƙe shi ne agogon nan motsin wuyan hannu kawai ya sani, bai san zuciya ba, bai san ƙafa ba. Dattijon da ke zaune a zaure yana gaisawa da jama'a, yana magana da hannu, yana alwala da salloli biyar, yana iya tara wa agogonsa abin da zai kai shi safe alhali bai taka ko'ina ba. Wanda kuma ya tuƙa keke daga nan zuwa wani ƙauye hannunsa na riƙe da kan keken, ya yi gumi sosai, amma faifan da mai gyara ya ambata bai juya yadda za a zata ba. Mai dogara sanda ma haka ne: idan agogon yana hannun da ke riƙe da sandar, abin da zai samu ya bambanta da na ɗaya hannun. Don haka ko gwaji ya nuna injin lafiyarsa lau, abin da ka gano shi ne hannun Baba ya rage aiki, wanda dama kun sani tun ranar da ya ajiye fartanya.

Amma wannan tsohon agogo yana da amfanin da ya fi wanda kake nema a wurinsa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga manya, har da tsofaffi, da minti ake lissafa ta, ba da taku ba: aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato irin tafiyar da numfashi zai ɗan ƙaru amma mutum yana iya magana. Minti 30 sau biyar a mako ya cika wannan, kuma mai ciwon gwiwa yana iya raba shi kashi biyu ko uku a wuni. Agogon da Baba ya amince da shi shekara da shekaru yana iya auna minti 30 daidai. Haka kuma da hannun daƙiƙa ana iya ƙirga bugun jini a wuyan hannu na daƙiƙa 30 a ninka biyu, babba mai hutawa yawanci yana tsakanin 60 da 100 a minti. Tun da yana da hawan jini, a tambayi wanda ke duba shi iyakar abin da zai yi, kuma idan ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Ni da zan ba ka shawara, da na ce ku bar tambayarsa ko ya yi tattaki. A samu jika ɗaya ya riƙa raka shi da yamma idan rana ta yi sanyi.

Ɗan Manomi, Auyo

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na jinkirta amsa ne sai da na yi gwajin. Na ɗaura agogon kwana uku muna dashen shinkafa, na ajiye shi ranar Talata da ƙarfe takwas na dare, ya tsaya ranar Laraba da ƙarfe huɗu na yamma, wato awa 20. Bai mutu da dare ba kamar yadda yake yi wa Baba, amma kuma bai kai kwana da rabin da mai gyara ya ambata ba, don haka na fahimci kowanne ɓangare yana da nasa kason: injin yana neman wanki, Baba kuma yana neman tattaki.

Da na mayar masa na gaya masa abin da na gani ba tare da na ɗora masa laifi ba, sai ya yi shiru, can ya ce shi ma ya lura, kuma tsayawar agogon ta fi damunsa fiye da yadda muke zato. Yanzu kwana tara ke nan bayan La'asar yana fita da ɗan yayana, su bi bakin magudanar ruwa har gonar da ya bar mana, ya duba agogo minti 15 su juyo. Malam mai gyara, ranar Juma'a mai zuwa in sha Allahu ina da niyyar shigowa kasuwar Wudil. Ina so in sani ko wankin injin da sauya robar murfin aikin wuni ɗaya ne, domin Baba ya ce ba zai yarda agogon ya kwana a wani gari ba.