Sa'ar farko bayan haihuwa: abin da muka gani a asibitocin Sakkwato

Malamar makaranta, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon duk wadda ta haihu a asibiti ta faɗi yadda aka yi da ita game da shayarwa. Tun 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin da ake auna asibitoci da shi, mai matakai goma waɗanda aka sabunta a 2018, kuma daga cikinsu akwai ɗora jariri a ƙirjin uwarsa fata da fata da zarar ya faɗo, da ba shi nono cikin sa'ar farko, da barinsa tare da ita dare da rana. A haihuwata ta fari, takardar matakan tana manne a bango daidai kan gadona, amma an tafi da yaron awo da goge jiki, ban sake ganinsa ba sai bayan kusan sa'a uku. A ta biyu, a wani asibitin, tun kafin a gama gyara ni yarinyar ta kama nono.

Mai ɗinki, Arkilla:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni tiyata aka yi mini, kuma ko da na farfaɗo sosai an riga an ba yaron madarar gwangwani ba tare da an tambayi kowa ba. Wadda ta cece ni wata nas ce mai aikin dare, da ta zauna gefen gadona ta sa filo, ta nuna mini yadda zan riƙe shi ta ƙarƙashin hammata don kada ya danne ɗinkin. Har yau ban san sunanta ba.

Ungozoma mai ritaya, Runjin Sambo:
'Ya'yana, ba zan kare abin da bai dace ba, sai dai ku sani akwai daren da ni kaɗai nake kan mata huɗu masu naƙuda, kuma a irin wannan daren ba a samun zaman koya wa kowa. Abin da ya fi damuna shi ne dakashi, wato nonon farko da ke fitowa bayan haihuwa. Iyayenmu kan ce ƙazanta ne, a matse a zubar, alhali wannan ɗan kaurin mai ruwan ɗorawa shi ne rigakafin farko na jariri, kuma ɗan kaɗan ɗin da yake fitowa ya ishi cikinsa a ranar farko. Ban taɓa jayayya da kaka kan ɗan dabinon da ake shafawa a dasashi ba, amma na sha karɓe zuma da madarar akuya a bakin ƙofa, domin ba a ba yaro zuma sai ya cika shekara. Kafin in sallami mai jego sai na ga yadda jariri yake kama nono da idona: baki a buɗe sosai, haɓa tana taɓa nono, yawancin baƙin da ke kewaye da kan nonon yana cikin baki. Idan uwa tana cije leɓe don zafi, kamun bai yi ba.

Magidanci, Gidan Igwai:
Inna, Allah ya saka da alheri. Mu maza a waje ake barinmu, saboda haka abin da na gani shi ne ranar sallama. A watan Afrilu ne, zafin da kowa ya sani, mahaifiyata kuma ta rantse ba za a bar jikanta da ƙishirwa ba. Nas ɗin ba ta yi wa matata bayani ita kaɗai ba, ta kira tsohuwar da kanta, ta gaishe ta da ladabi, ta ce mata fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, don haka uwar ce za a cika da ruwa da kunu har yaron ya yi wata shida. Da muka iso gida, tsohuwar ce ta sa aka kai randa ɗakin mai jego.