Mahaifiyarmu ta gama takaba amma ta ƙi fita daga ɗaki

Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan mahaifiyarmu, muna Daura.

Babanmu ya rasu kafin azumi. Inna ta yi takabarta ta wata 4 da kwana 10, muka ɗauka tana fita za ta dawo hayyacinta. Shiru. Matar da ba ta fashin Islamiyya, ba a biki ko suna a unguwa babu ita, yanzu ko tsakar gida sai an lallaɓa ta. Barci ba ya wuce ƙarfe 2 na dare, daga nan sai zama a kan darduma tana hawaye har asuba. Tuwo loma biyu take yi ta ture, zanen jikinta ma ya yi mata yawa. Ƙawayenta sun zo, ta ce a ce musu tana barci.

Mun yi addu'a, ana kan yi. Mun kawo mata jikoki, hayaniyarsu ta ƙara mata ciwon kai. Wani mai kemis ya ba da maganin barci, ta wuni da jiri, muka daina. A asibiti an auna jini aka ce ya ɗan hau, aka ba ta magani, amma ba wanda ya tambaye ta damuwarta. Da yayana ya ambaci likitan ƙwaƙwalwa a Katsina, ta fashe da kuka wai mun mai da ita mahaukaciya. Hankalina ya tashi sosai.

Don Allah, ta yaya zan shawo kanta ta yarda ta ga likitan nan ba tare da ta ji mun ci mutuncinta ba?